Talibamban da Tata Ya Jefar

Juma'a, 14 ga Maris, ƙarfe 4:20 na yamma

Mun iso Kei Mouth, ni da babana Tata da Skelm, karen marigayiya Mama. Tata ya ajiye motarsa mai ɗakin kwana, ƙofarta na kallon teku. Duk wanda ya gifta sai ya tare shi: "Ga Zukiswa 'yata, likitar dabbobi, sabuwa fil!" Ranar Litinin ɗin nan zan fara aiki. Ban taɓa duba dabba ba sai da malami a bayana.

Asabar, 15 ga Maris, da safe

Tata na kamun kifi a kan duwatsu. Talibamban, kifin nan mai kumbura, ya yi ta cinye masa abin ƙugiya. Da ya kama ɗaya sai ya wurga shi baya, kan yashi, yadda duk masu ƙugiya a nan suke yi, wai ɓarawo ba ya komawa ruwa. Na gani. Na san dafin da ke cikinsa. Na ce bari in gama shayina in ɗauke.

Asabar, da yamma

Skelm ya riga ni. Kan kifin kawai na tarar.

Dafin ba shi da makari. Asibitin dabbobin da ke buɗe sai East London, tafiyar fiye da awa ɗaya. Na dunƙula garin sabulun wanki da ruwa na tura masa a maƙogwaro, abin da a makaranta aka ce kada mu yi sai in babu wata hanya. Ya amayar. Fata, ƙaya, guntun hanta.

Tata na tuƙi, tukwane na faɗowa daga kanta, ni ina ƙasa, hannuna a kan haƙarƙarin Skelm. Kafin mu hau babbar hanya ƙafafunsa na baya sun saki. Tata sai faɗi yake, "Wane marar imani ne ya yar da wannan abu? Likita, yi magana mana! Zai tashi?" Na ce, "Tata, kalli hanya."

Can na ji ya ce, ba da ni ba, "Shi kaɗai marigayiya ta bar min."

Lahadi, 16 ga Maris

A harabar asibiti muka kwana, cikin mota. Skelm ya ɗaga kai ya lashi hannun Tata, amma bai miƙe ba. Likitar ta ce aman ya taimaka. Na ciro farar rigar gobe na rataye, don dai kada ta yamutse.

Abin da ban sani ba:

Yawan hantar da ta rage a cikinsa.
Ko ƙafafun za su dawo.
Ko da gaske Tata ya manta shi ya jefar, ko jira yake in faɗa.
Ko ya gan ni lokacin da na gani, na koma kan shayina.