Kolajin da Gwiwar Mama

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Ƙanina Obadiah ya aiko da gwangwanin kolajin, wai maganin ciwon gwiwa, daga Sabon Tasha. Gari ne fari kamar madara, ba ƙamshi. A waya ya ce, "Yaya Hulda, ki ba ta kullum, za ki ga Mama ta taka rawa ranar godiyar kaka."

Abin da take so ke nan tun da na ɗauko ta zuwa Kafanchan: ta koma ƙauyenmu bayan Gidan Waya, ta shiga layin zumuntar mata a majami'a da kwandon citta a ka, ta kai baikonta na godiya ga Allah da ƙafarta. Tun ina goye ba ta taɓa fashi ba. Yanzu ko bayan gida sai ta dafa bango.

Laraba, 9 ga Oktoba
Na kai wa Sista Roseline gwangwanin a kemis ɗinta. Ta ce kolajin ne ke riƙe fata da jijiya da guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa, jiki ke yin abinsa, yana raguwa da shekaru. Wanda aka sha kuwa, ciki na narkar da shi kamar ganda, jiki ya kai inda ya ga dama. Wasu suna cewa zafi ya ragu kaɗan. "Amma guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa, Hulda."

Na ce na gane. Ban faɗa wa Mama ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Tsari: cokali ɗaya, a shafe bakinsa da wuƙa, a ƙaramin kofi kusa da kununta. Addu'arta ta safe doguwa ce, ni kuma ofishin makaranta ba ya jira. Za ta zuba da kanta.

Laraba, 23 ga Oktoba
Ta ce da sauƙi! Na rera waƙa a kan okada kamar wata yarinya.

Asabar, 2 ga Nuwamba
Ba aiki yau. Na shiga ɗauko wanki, na same ta zane a ɗage, tana kwaɓa garin da man kaɗanya a murfin kwalba, tana shafa wa gwiwa. Ashe ko sau ɗaya bai shiga bakinta ba.

Na ɗaga murya. Ni, a kan Mama.

Ta ce, "Gwiwa ne yana ciwo, ba ciki ba. Me zai kai magani ciki?" Na fara maimaita bayanin Roseline, ta ɗaga hannu. "Ke kin iya auna cokali. Tun da na zo, kin taɓa sa hannu a ƙafan nan?"

Na kwashi wankin na fita.

Lahadi, 3 ga Nuwamba
Ban ji wa'azi ba. Abinci, magani, ruwan zafi, me na rage? Ko dai haka nake, shi ya sa gidan nan shiru, ni kaɗai tun kafin ta zo?

Juma'a, 15 ga Nuwamba
Yanzu ni ke damawa a kunu, in tsaya sai ta shanye. Tana sha, tana kallon taga. Ba ta ƙara cewa da sauƙi ba. Gwiwar hagu ta ma kumbura.

Lahadi, 24 ga Nuwamba
Ranar godiyar kaka. Mun je ƙauye a mota. Ni da Obadiah muka riƙe ta har ƙofar majami'a, aka kawo kujerar roba. Da aka buga tulun kiɗa mata suka taso, ƙawarta Mama Faustina ta tsaya gabanta. "Ke tsohuwa, tashi mana, ko sai an kawo miki saurayi?" Mama ta yi dariya, ta dafa kujera, ta yunƙura. Ta sake yunƙurawa. Sai ta tura kwandon da hannu ta ce, "Faustina, kai mini."

Kafaɗunta sun bi waƙar har layin ya yi nisa, daga nan suka tsaya.

Da za mu taho Mama ta ba matar kawu makullin ɗakinta, ta ce a ci cittar da ta rage. Obadiah yana ta cewa akwai wani magani mai ƙarfi da za a haɗa da kolajin. Na ce ya yi shiru.

Litinin, 25 ga Nuwamba
Mama ba ta ci abinci ba.

Talata, 26 ga Nuwamba
Na makara zuwa ofis. Na samo man kaɗanya a jakarta, na zauna a ƙasa, na ɗora ƙafarta a cinyata. Ba nauyi ko kaɗan, ban sani ba. Ta ce, "Babu garin a ciki." Na tashi na ɗebo, da yatsu.

Na san ba ya ratsa fata. Ta ce hannuna da sanyi, in ƙara dannawa ta gefen hagu. Ta sha rabin kunu.

Gobe in tashi da wuri.