Kaset Marar Zare

Damba, Gusau
9 ga Maris, 1998

Zuwa ga Malam Idris mai gyaran rediyo, Bungudu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da yayata Halima da yara. Iya tana gaishe ku, ƙafar tata da sauƙi.

Na rubuto ne in taya ka murna. Ashe muna da injiniya a dangi, muka bar ka shekara ashirin kana gasa ƙarfe a gawayi kana liƙe waya da dalma. Abin da masu ƙera kwamfuta suka ɓoye wa duniya, kai ka tono shi da sukundireba ɗaya. Duk Tsafe zancenka ake.

Bari in tuna maka yadda aka yi, don na ji kana ƙara wa labarin gishiri. Alhaji Bashiru mai hatsi ya zo rumfata a kasuwar Tsafe, ya saya wa ɗiyarsa Wasila kwamfutar nan da ake jonawa da talabijin, mai haruffa kamar tafireta, da bindigar roba, da kaset na gem ɗin harbin agwagi. Sati biyu tana aiki. Ranar da hoto ya ƙi fitowa, maimakon ya neme ni, sai ya kwaso ta har Bungudu, wai kai ne ka taɓa gyara masa rediyonsa. Ka juya kaset ɗin gaba da baya kana neman ramin da za ka zura biro ka mayar da zare. Da ba ka samu ba, ka ɓare shi. Ba zare a ciki, sai ɗan falle kore mai ɗigon baƙi kamar kwalta. Nan take ka yanke hukunci: fanko nake sayar wa mutane.

Da a nan ka tsaya, da sauƙi. Ka biyo Alhaji har gaban Sarkin Kasuwa, ka ɗaga ɓawon kana kaɗawa, ka ce ka san ni tun ina ƙarami, dama can hannuna ba tsarki. Kai, mijin yayata. An garƙame rumfata da kwaɗo. Shekara shida ina wurin nan, ga wani mai takalma har ya fara auna ta da ido.

Malam, wannan kaset ba a ƙera shi da zare ba. Wasan yana cikin ɗigon baƙin nan. Ciwonsa ƙura ce a baki: a hure, a mayar, shi ke nan.

An ba ni kasuwa mai zuwa in wanke kaina. Ka zo da fallen da ka cire, kada kuma ka ɗiga masa man keken ɗinki, na san halinka. Ka faɗa da bakinka cewa ba ka san abin ba. In ba ka zo ba rumfa ta tafi, kai kuma ka nemi wani masaukin in ka shigo Gusau.

Ƙanen matarka,
Abdulrahman

Damba, Gusau
23 ga Maris, 1998

Malam Idris,

Assalamu alaikum. Ya jiki? An ce zazzaɓi ya kama ka da safiyar ranar kasuwa, ya sake ka da la'asar. Allah ya ƙara sauƙi. Ina gaida yara.

Halima ce ta tono fallen daga gwangwanin kusoshinka, ta ƙulle shi a bakin mayafi, ta shiga mota ita kaɗai har Tsafe. Kada ka yi mata faɗa. Ita ta fitar da gidanku kunya.

Alhaji ya kawo kwamfutar da talabijin ɗinsa, mai kemis ya ara mana janareta. Na soka fallen tsirara, ba ɓawo. Sai layi-layi da shuu. Mutane suka sa dariya, mai takalma ya matso kusa da kwaɗon. Ba zan ɓoye maka ba, na tsine maka a zuci. Na zare, na hura sau uku, na mayar. Agwagi suka tashi.

Sarkin Kasuwa ya karɓi bindigar, ya harba sau goma bai samu ko ɗaya ba, ya ce ƙaramin yaro ne ya ƙera ta. Wasila ta karɓa ta kayar da biyar a jere. Aka buɗe kwaɗo.

Rumfa ta dawo. Maganar da ka yi a kan hannuna kuwa tana nan tana yawo. Jiya wata tsohuwa ta sa na kwance mata tocila, wai ta ga ko da wani abu a ciki. Masaukin Gusau na Halima ne da yara. Kai ka riƙa juyawa a yini.

Wassalam,
Abdulrahman

Ƙari: Direban da zai kawo maka wannan ya ce ka rataye sabon allo a shago, ANA GYARAN KWAMFUTA, kuma ya ga ka da idonsa kana hura wani kaset, kumatu cike. Madalla, Halima ta iya ba da labari. Amma ranar da ka hura ya ƙi, a ina za ka zura biron?