Bishiyoyin da Baba Ya Miƙar

Litinin, 3 ga Maris

Karo na uku ke nan ina maimaita kwas ɗin ginin jimlar Turanci, kuma shi ne na ƙarshe. Shugaban sashe ya faɗa mini ko ɗago kai bai yi ba: in na sake faɗuwa babu digiri, sai in tattara nawa ya nawa. Kwas ɗaya tal! Sa'o'ina har sun fara aiki, ni ina nan ina fama da bishiya mai gindi a sama, rassa a ƙasa.

Malam Reshe, haka muke kiransa a bayan idonsa, ya ba da jinga: shafi guda na jimloli, kowacce a zana mata bishiyarta. Litinin 17 ga wata kafin azahar za a miƙa, hannu da hannu. Wanda bai miƙa ba, kada ma ya doshi ɗakin jarrabawa.

Laraba, 5 ga Maris

Ban je aji ba. Wa zan bar wa Baba? Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ni ce wanka, ni ce fo, ni ce juya shi. Da Mama na raye... to, bar zancen. Yaya Babba aikinsa a wani gari yake. Anti tana da goyo. Ni ce auta, babu aiki babu miji, don haka a lissafinsu ni ce ba ni da abin yi.

Ɗakin nan taga ɗaya gare shi, ita ma katangar maƙwabta take kallo. Na san kowace tsaga da ke jikin katangar.

Asabar, 8 ga Maris

Ƙawata ta turo hoton allo. S, wato jimla, a can sama, ta rabu biyu, NP a hagu, VP a dama, wato yankin suna da yankin aikatau. Nan dai ko jariri ya gane. Daga nan ne tsiyar take farawa, reshe ya haifi reshe, duk su zube ɓangaren dama, takarda ta ƙare jimla ba ta ƙare ba. Sau biyun da na faɗi haddace zanen malam na yi, shi kuwa mugun sai ya kawo sababbin jimloli.

Baba na kan kekensa na marasa lafiya yana kallona. Rayuwarsa duk a zanen gidaje ya yi ta, ofishin magina, babban allo da rula. Muna yara ko layin littafi muka ja a karkace sai mun sha rankwashi. Yau ya daɗe yana kallon takardata, bakinsa na motsi. Da ƙyar kalmar ta fito.

"Karkace."

Na ce na ji, Baba. Haka abin yake.

Talata, 11 ga Maris

Likitar gashin ƙashi ta zo, ta ce a riƙa ba shi abin riƙewa a hannun hagu. Na miƙa masa cokali, ya sake shi ƙasa da gangan yana hararata. Taurin kan nan dai ciwo bai taɓa shi ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Na yi kuka a banɗaki, na wanke fuska, na dawo na ba shi magani.

Juma'a, 14 ga Maris

Na gama jingar da fensir. Daidai ce ko ba daidai ba, oho. Yaya ya yi rantsuwa a waya cewa Litinin da sassafe zai iso ya zauna da Baba in je in miƙa. Na ce Allah ya sa.

Asabar, 15 ga Maris



Na fita kemis da la'asar, na tarar da layi. Na bar takardun a kan teburin da nake ba shi abinci, kusa da dirowar da tsofaffin alƙalumansa suke. Ina dawowa na same shi ya danne rula da mataccen hannun, alƙalamin tawada a hagu, gumi sharkaf. Ya goge fensirina tas. Ya sake zana bishiyoyin duka da tawada, ya raba kalmomin kowace jimla gida biyu daidai wa daida, rabi hagu rabi dama, kamar rufin kwano. Babu ko ɗaya da ta karkata. Babu kuma ko ɗaya da take daidai.

Ya ɗago yana murmushi da rabin bakinsa, yana jira in yaba.

Wallahi ban san lokacin da na fara ihu ba. Na ce ya kashe ni. Na ce ya cinye mini shekara, yanzu kuma digirin ya zo ci. Na faɗi wasu maganganun da ko nan ba zan rubuta ba. Ya ajiye alƙalamin a hankali, ya mayar da murfinsa da haƙori, ya juya fuska bango.

Mutumin da ya ƙi riƙe cokali. Sai yanzu da nake rubutu abin ya faɗo mini.

Lahadi, 16 ga Maris

Ya ƙi shayi, ya ƙi abinci. Na ba shi haƙuri, ko motsi.

Na ɗauko sababbin takardu na jawo tebur gabansa, don babu wani teburin. Na ɗora zanensa a gefe. Ba don shi na fara magana ba, haushi ne. Na ce Baba duba, ka raba wannan kalma da 'yar'uwarta, alhali tare suke tafiya, in za ka ɗaga su zuwa farkon jimla tare za ka ɗaga su, kamar ƙofa da madogararta. Wannan kuma ka rataya ta a jikin suna, alhali aikin take bayani. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya ina faɗin laifin kowacce, ina sake zanawa.

Wajen ta huɗu na tsaya na dubi abin da na zana. Yaushe na san wannan? Shekara biyu ban taɓa tambayar kaina dalilin da reshe yake inda yake ba, sai da na ga an sa shi inda ba nan ba.

Bai juyo ba. Amma na ga kunnensa yana wajena.

Litinin, 17 ga Maris

Yaya bai zo ba. Taro ya taso, wai in yi haƙuri, in roƙi malam. Malam Reshe ake roƙo? Anti ba ta ɗaga waya ba. Matar maƙwabci ta tafi aiki. Rana tana ta ɗagawa, ni ina tsaye tsakiyar ɗaki da gyale a kafaɗa, takardu a hannu, kamar wadda aka dasa. Tun da ya kwanta ban taɓa barinsa shi kaɗai fiye da zuwa kemis ba. In ya zame daga keken? In ya sarƙe?

Na cire gyalen na zauna. Na ce a raina shi ke nan, an gama.

Sai na ji ƙwas ƙwas. Rula ce yake bugawa a hannun keken. Ya nuna ƙofa da ita.

"Je ki."

Na ce Baba babu kowa fa.

"Je ki, Auta."

Na ajiye masa ruwa da waya a hagunsa, na taka birkin keken, na kulle ƙofa ta waje. Na kulle ubana kamar kaya. A mota addu'a nake yi ina zagin Yaya, duk a numfashi ɗaya. Na tarar malam yana haɗa jakarsa. Ya karɓa, ya buɗe shafin farko, ya ɗan tsaya, ya dube ni ta saman gilashi, ya jefa a kan sauran.

Na dawo a guje. Yana nan inda na bar shi. Ya jiƙa wandonsa, ya ja tawul ya rufe cinyarsa don kada in gani. Na yi kamar ban gani ba har na kai shi banɗaki. Ya ci abinci, da hannunsa, rabi a baki rabi a riga.

Alhamis, 20 ga Maris

Sunana ya fito cikin masu zama jarrabawa. Saura babbar.

Yaya ya kira, murya ƙasa-ƙasa, kunya ta kama shi. Wai zai zo Asabar ya ɗauki Baba ya koma da shi can, ya samo mai jinya, ni in samu sarari in yi karatu. Abin da na yi wata da watanni ina roƙo ke nan. Na buɗe baki in ce to, sai na ji na ce ya bari tukuna, tafiyar mota za ta wahalar da shi. Ai gaskiya ce, za ta wahalar da shi. Kuma ni yanzu in ba da baki na faɗa ba karatun ba ya zama, ga shi bango ba ya hararar mutum irin na Baba in mutum ya yi shirme. Don jarrabawa ne kawai.

Yaya ya ce, "Kin tabbata, Auta?"

Na ce zan kira shi, Baba na jira, mun tsaya a tsakiyar jimla.