Kalma Shida a Hannun Ginwa

Hermel, Litinin

Yaya Ginwa, Injiniyar gidanmu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya Beirut, ya aiki? Baba lafiyarsa ƙalau, faɗa ne dai ya ƙaru. Matata Rabab na gaishe ki, ta ce a faɗa miki cikin ya fara nauyi.

Kin ce maganar kuɗi kada in kuskura in yi miki ta waya, to ga ni na koma zamanin kakanni, na ba Abu Fadi direban bas takarda. Ki zauna kafin ki karanta. Na ci, Yaya! Wasan ƙwallo bakwai na haɗa a tikiti ɗaya, duk bakwai ɗin suka shigo. Ina tsakiyar yi wa wani tsoho aski aka zura ƙwallon ƙarshe, saura ƙiris in cire masa kunne. Dala dubu talatin da takwas. Ni Kumail, da kike cewa ko kaza ba za a ba ni kiwo ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Kuɗin na cikin shafin cacar, su kuma da kirifto, kuɗin intanet, kawai suke biya. Dureid, ejan ɗinsu a garin nan wanda ya buɗe min asusun, ya ce in tura walet ɗinsa, wato ma'ajiyarsa ta kirifto, shi ya riƙa ba ni dala a hannu kaɗan-kaɗan, ya cire kashi goma cikin ɗari. Banki kuwa kin san yadda fanshon Baba ya maƙale a hannunsu. Ki gaya min inda zan zuba su. Wa'azi na yafe, Rabab ta riga ta yi min na shekara guda.

Ƙaninki mai sa'a,
Kumail

Beirut, Laraba

Kumail,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Ka gaida Baba da Rabab. Ban yi maka murna ba, kada ma ka jira. Shekara uku kana zuba kuɗin aski a wannan rami, rana ɗaya ya tofo maka wani abu kana kiran kanka mai sa'a. Amma tunda sun zo, ba zan bari a cuce ka ba.

Kada ka tura wa Dureid ko sisi. Walet ɗin da makullinsa ke hannun wani, kuɗin wani ne, kai sai kallo. Kada kuma ka bar su a shafin cacar, gobe suna iya rufe maka asusu ba ka da wanda za ka kai wa ƙara. Walet ɗin waya ma ban yarda da shi ba, don na san wayarka, duk tarkacen da aka turo maka sai ka danna.

A cikin kwalin magani da Abu Fadi zai ba ka akwai wata 'yar na'ura kamar filash. Sabuwa ce, da hannuna na saya. Za ka sa mata lambar sirri. In aka danna lambar ba daidai ba sau uku, tana goge kanta tas. Za ta kuma nuna maka kalmomi goma sha biyu, su ne ainihin makullin: ko na'urar ta faɗa kogin Asi, mai kalmomin nan zai dawo da kuɗin a wata na'urar. Ka rubuta su da biro. Kada ka ɗauki hotonsu. Ka yaga takardar biyu, shida na farko ka riƙe, shida na ƙarshe ka aiko min, yadda ko ɓarawo ya shiga gidanka rabi zai samu. Ka fara tura dala goma ka ga ta isa, sannan ka tura sauran.

Abu na ƙarshe, kuma ya fi na'urar muhimmanci: ka kama bakinka. Ko Baba kada ya ji. Na san ka, na san garinmu.

Yayarka,
Ginwa

Hermel, Asabar

Yaya Injiniya,

Gaisuwa da fatan alheri. An gama! Kuɗi sun shiga na'urarki lafiya, ga rabin takardarki nan a ciki.

Yanzu kada ki yi fushi. Baba ya ji. Wallahi ba da gangan ba ne. Muna karyawa ya dube ni ya ce, “Kai, wannan washe bakin na mene ne? Uwarka ta dawo daga kabari ne?” Kin san ba a yi wa Baba ƙarya ido da ido. Rabin gaskiya na faɗa, na ce ciniki na yi a intanet Allah ya sa albarka. Caca dai ban ambata ba, ina son kaina.

Kafin in haɗiye lomar bakina tsohon nan ya ɗauko bindiga ya hau rufin gida. Magazin uku na harsashi ya juye a sama, kamar ranar da kika ci jarrabawa. Ya yanka raguna biyu, aka yi ta rabon kayan zaƙi na kunafa har bakin gada. Mutane na zuwa suna tambaya, “Rabab ce ta sauka?” A ce a'a. “Wani ya dawo daga Hajji?” A ce a'a. Sai su kalle ni. Harsashi ɗaya ma ya huda tankin ruwan maƙwabta, Baba ya ce a saya musu sabo, ɗansa ya yi arziki.

Dureid ya zo shago da yamma. Ya ce, “Ɗan aski, ni na buɗe maka ƙofa, shi ne za ka fice ta taga?” Na ce kuɗina ne. Ya kife ni da mari a gaban mutane, ni kuma na rotsa masa kwalbar turare a goshi. Sai da aka ɗinke shi. Dattawa sun shiga tsakani, an sha kofi, magana ta mutu. Kada ki damu.

Naki,
Kumail

Hermel, Alhamis

Yaya Ginwa,

Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya sa ki samu wannan takarda yau. Rabab ce. Da na kira ki kuka ya hana ni magana, kuma waɗanda suka ɗauke Kumail sun ce in suka ji an yi zancen ta waya gawarsa za mu ɗauka.

Jiya da hantsi, kasuwa cike da mutane, wata baƙar mota ba lamba ta tsaya a ƙofar shago. Mutum huɗu suka fito fuska a rufe. Ina tsallaken titi wurin mai kayan miya, da idona na gani. Sun buga masa gindin bindiga a baki har haƙora suka zubo, suka fasa madubi da kansa, suka ja shi ta ƙafa a kan kwalabe. Wanda ake yi wa aski ya ruga da kumfa a fuska. Ba wanda ya kawo ɗauki. Na ruga na riƙe ƙofar motar, ɗayansu ya hankaɗe ni na faɗi a kan gefena. Cikin yana motsi, alhamdu lillahi. Wanda ya ture ni yana ɗingishi, kuma kowa a Hermel ya san wane ne mai ɗingishi a dangin su Dureid.

Na'urar tana aljihunsa. Yau da safe suka jefo takarda cikin gida, an naɗe ta a ƙyallen aski duk jini. Sun ce sun tambaye shi lambar sirri ya ba su ta ƙarya, suka sa hannunsa na dama a kan dutse suka fasa yatsa ɗaya da guduma. Ya sake ba su ta ƙarya, suka fasa na biyu. Ya sake, na uku. Na'urar ta goge. Kalmominsa shida ya faɗa musu bayan sun ƙona masa tafin ƙafa, ya ce sauran na Beirut. Sun ba mu zuwa gobe la'asar, a bar takarda a gindin wata bishiya a hanyar dutse.

Baba ya hana a je wurin 'yan sanda, ya ce ba a taɓa kai ƙarar jininmu ofis ba. Yana zaune a tsakar gida yana ta cewa ɗansa namiji ne, yatsa uku bai buɗe baki ba. Ni ba namiji nake so ba, Yaya, mijina nake so. Da hannun nan yake ciyar da mu. Don Allah, don darajar mahaifiyarku, ki aiko da kalmomin. Kuɗin su ci, wuta ce.

Ƙanwarki,
Rabab

Beirut, Juma'a da asuba

Rabab, 'yar'uwata,

Allah ya ba mu haƙuri. Ga takardar nan, rubutun hannunsa ne, za su gane. Na roƙi Abu Fadi kada ya tsaya ɗaukar kowa a hanya.

Ni na ce a raba kalmomin. Ina ta tunanin ɓarawon da zai shiga gida ba kowa, ban yi tunanin wanda zai zo da guduma ba. Ban san da wane ido zan dubi Kumail ba. Ki je asibiti a duba cikin nan, kada ki ce sai ya dawo.

Taki,
Ginwa

Hermel, Litinin

Yaya Ginwa,

Bayan gaisuwa, yana da rai. Wani makiyayi ya tsince shi ranar Asabar da safe a cikin kwata, bayan gidan kiwon kifi. Ban gane shi ba sai da na ga rigar. Bayan sun karɓi takardar ma ba su ƙyale shi ba, sun karya masa haƙarƙari huɗu da muƙamuƙi, ido ɗaya har yanzu bai buɗe ba. Likita ya cire yatsu biyu, ya ce na ukun sai abin da Allah ya yi. Na rasa gane wannan mugunta. An ba su abin da suke so, dukan na mene ne kuma?

Ba ya magana da kowa. In Baba ya shigo yana sumbatar goshinsa yana kiransa zaki, sai ya juya fuska bango hawaye na zuba.

Gidan ya cika da maza. 'Yan'uwan Baba sun sauko daga ƙauye da bindigogi, har da irin wadda ake ɗorawa a kafaɗa. Jiya sun ƙona shagon Dureid da motoci biyu, su ma suka buɗe wa ƙofarmu wuta, harsashi ya shiga kicin ya fasa tukunya a kan murhu ina tsaye. Dattawa sun zo sulhu, Baba ya ce sharaɗi ɗaya ne: su dawo da kuɗin ɗansa cif kafin sallar Juma'a, in ba haka ba namiji uku zai kwantar a gidansu, ɗaya kan kowane yatsa. Su kuma sun aiko cewa ba su ga ko dala ɗaya ba. Baba ya yi dariya ya ce ɓarayi kuma maƙaryata.

Ina jin tsoro, Yaya. Ki yi wa Baba magana, ke yana jin taki wani lokacin.

Rabab

Beirut, Laraba

Kumail,

Sannu. Allah ya ba ka lafiya. Na ce wa Rabab ta ba ka wannan a rufe, kai kaɗai za ka karanta.

Duk kuɗin da ya shiga walet ko ya fita, yana rubuce a fili, mai adireshin walet ɗin yana iya dubawa, ni kuwa ina da naka. Da na ji sun ce ba su ga komai ba sai na duba. Ranar Talata, kwana ɗaya kafin su ɗauke ka, kuɗin suka fita gaba ɗaya, suka koma shafin cacar. Sau uku ka tura, na ƙarshen ko dala ashirin ba ka bari ba.

Yanzu na gane lambar ƙaryar. Ba kuɗi kake karewa ba. Ka gwammace a farfasa maka hannu da a buɗe a ga wayam, labari ya kai kunnen Baba. Na yi kuka, na zage ka, na sake yin kuka. Kaina ma na zaga, don na zaɓa maka abin da ba mai iya buɗewa sai kai.

Abin da suka yi maka Allah ba zai bar su ba. Amma Baba zai kashe mutum uku jibi a kan kuɗin da babu su, su ma su rama, kuma Rabab na cikin gidan nan da ciki. Ka faɗa masa da bakinka. In Juma'a ta waye ba ka faɗa ba, ni zan faɗa.

Yayarka, duk da haka,
Ginwa

Hermel, Juma'a

Yaya,

Gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi.

Na faɗa masa jiya, duka, har cacar da ta cinye kuɗin. Ya daɗe yana kallon hannuna. Sannan ya tashi ya rufe ƙofar ɗakin, ya ce, “Gari duk ya ji harbina. Ban ji abin da ka ce ba, kai ma ba ka faɗa ba.”

An sauko daga masallaci yanzu. Mota biyar suka fita, suka nufi gidan su Dureid. Baba na gidan gaba a ta farko.

Ki zo ki ɗauki Rabab.

Kumail