Ƙorafi Kan Dodon Koɗi Shida Da Aka Ɗauke Daga Ɗakin Malam Tsoho

Daga:
Hajiya Kulsumu, uwargidan Malam Tsoho Mai Jirgi,
Bayan Layin Dogo, Kaura Namoda.

Zuwa ga:
Alhaji Muhtari Liman,
Shugaban Kwamitin Tsabta da Lafiya na Shiyyar Bayan Layin Dogo.

Litinin, 18 ga Agusta, 2025.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƊAUKE MANI DODON KOƊI SHIDA, DA TAKARDAR DA TA UMURCE NI IN ZUBAR DA RUWAN KIFIN MAIGIDANA

Bayan sallama irin ta Musulunci da gaisuwar ban girma, ina fatan wagga takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Da hannuna na rubuta ta. A makarantar matan aure na koyi boko bayan na yi jika, saboda haka in ka ga layi ya karkace, ka yi haƙuri da layin, maganar dai a miƙe take.

Kafin in shiga ƙorafi, ya kamata ka san abin da ake magana a kai. Maigidana Malam Tsoho ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin jirgin ƙasa, daga nan Kaura har Ikko, can bakin teku. Duk dawowar da zai yi, labarin teku yake kawo mana, har yara suka haddace. Shekara uku ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya yi nauyi, ba ya fita ko ƙofar gida. Bara ɗanmu Namadi, wanda ke jan motar wake zuwa kudu, ya kawo masa akwatin gilashi wanda bai fi tsawon kamu biyu ba, da ruwan gishiri irin na teku, da duwatsu, da kifi uku. Akwai ɗan inji mai juya ruwan, sola ke ba shi wuta. A gaban gadon Malam muka aje shi. Mutumin da a da sai an roƙe shi yake buɗe baki ya sha koko, yanzu in kifayen suna ci shi ma yana ci.

Ga ƙorafina:

1. Ranar Talata, 5 ga Agusta, da hantsi, jami'inku Malam Abdulbasit ya shigo gidanmu a zagayen yaƙi da tsargiya. Na yi masa maraba, na ba shi tabarma da ruwa. Ya duba randuna, ya duba makwarara, bai samu abin faɗa ba. Da ya leƙa ɗakin Malam don gaisuwa, sai ya hangi dodon koɗi manne da gilashi. Nan take ya ce su ne masu ɗauke da cutar fitsarin jini, kuma umurni aka ba shi duk inda ya gan su ya kwashe. Ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu cikin ruwan ba tare da ya wanke ba, ya ciro shida. Malam yana kallo, yana ta bugun katifa da hannunsa mai lafiya. Jami'in ya ɗauka gaisuwa ce, har ya ɗaga masa hannu.

2. Na yi masa bayani bai saurara ba. Ranka ya daɗe, ba ni za a koya wa tsargiya ba. Namadi ya yi ta yana yaro saboda wanka a gulbi, ni na yi jinyarsa. Aikin da kuke yi aiki ne mai kyau, Allah ya ba ku lada. Amma dodon koɗin tsargiya na tafki ne da kududdufi, a ruwan daɗi yake zama. Waɗannan 'yan teku ne, bayansu mai tsini kamar malfa, ko ruwan rijiya ba su iya kwana a ciki. Na ce masa ya tsoma yatsa ya ɗanɗana ruwan ya ji gishiri. Ya ce shi ba a aiko shi lasar ruwa ba.

3. Waɗannan halittu ba ado ba ne, ma'aikata ne. Akwai wata gansakuka da ke tsirowa a irin wannan akwati, koriya, mai tsawo kamar gashi. Ta taɓa kama mu a farkon shekara, kuma laifina ne, ba zan ɓoye ba. Na aje akwatin inda rana ke bugunsa ta taga, kuma ina zuba wa kifi abinci yadda nake zuba wa baƙo, sai na ga ya bar saura hankalina ke kwanciya. Ashe sauran abincin nan da hasken rana su ne takinta. Mai shagon da ya sayar wa Namadi ya yi mani bayani ta waya. Na rage abinci, na sa labule, aka kawo dodon koɗi bakwai masu lashe gilashi da dutse, da wasu ƙananan ƙaguwa biyu masu tsince ta a lungu. A cikin kifayen ma akwai wani mai gira kamar tsohon alƙali, muna ce masa Makiyayi, aikinsa ke nan kiwo a kan dutse. Wata biyu suka yi suna aiki, akwati ya koma tas. Ba magani, ba hoda, dabba ce ta ci ciyawa kamar yadda Allah ya tsara.

4. Ranar Alhamis, 7 ga Agusta, na ɗauki mayafina na taka har ofishinku da wannan gwiwar tawa. Ba ka nan, an ce ka tafi Shinkafi. Na ga dodon koɗina a bakin taga, cikin kwalba, an cika ta da ruwan famfo, an manna takarda an rubuta "Tsargiya". Duk shida sun mutu, har sun fara wari. Na roƙi a ba ni ko gawar ce, aka ce shaida ce, sai shugaba ya dawo.

5. Yau kwana goma sha uku ke nan, gansakuka ta dawo. Makiyayi shi kaɗai ba zai iya ba, kuma in ta yi tsawo ba ya cin ta. Kullum bayan na gama abin kari sai in zauna da tsinke ina naɗe ta kamar mai kaɗi da mazari, in cire, gobe ta sake fitowa. Sau biyu tana toshe bakin injin. Gilashin da ke fuskantar gadon ya fara rufewa, Malam sai ya ɗaga wuya yana leƙe, wuyan kuma ba ya ɗaguwa sosai. Shekaranjiya kokonsa ya huce a kofi.

6. A kan wannan kuma, ranar Alhamis, 14 ga Agusta, sai ga Malam Abdulbasit da takarda mai hatimin kwamitinku. Wai an samu koren ruwa kwance a gidana, mai iya haifar da sauro, an ba ni kwana bakwai in zubar. Ranka ya daɗe, wa ya sa ruwan ya yi kore? An kwashe masu shara, sannan an dawo ana tuhumata da ƙazanta. Ruwan ba kwance yake ba, inji na juya shi. Kuma wane ɗan sauro ne zai rayu a gaban kifi uku da na rage wa abinci?

Saboda haka ina sanar da kai cikin ladabi, tun kafin wa'adin ya cika ranar Alhamis, 21 ga wata, cewa ba zan zubar da wannan ruwa ba. Ba raini ba ne. Ni na yi wa mahaifiyarka, Allah ya ji ƙanta, zaman jego lokacin haihuwarka, ba zan raina kujerarka ba. Amma wanda zai zubar da shi, sai dai ya zo ya ɗauke ni daga bakin ƙofa tukuna, sannan ya yi a gaban idon Malam.

Kuma don kada a ce na yi ɓoyo: jami'inku bai iya ƙirga ba. Bakwai ne, shida ya ɗauka. Na bakwai yana bayan dutse a ranar, yana nan da ransa, shi kaɗai yake share abin da bakwai ke sharewa. Haka nan Namadi zai iso ranar Laraba in Allah ya kawo shi lafiya, kuma na ce ya taho da wasu dodon koɗin. Ku rubuta wannan ma.

Abin da nake nema uku ne. A janye takardar 14 ga wata. A turo wanda ya san bambancin tafki da teku ya duba da idonsa, in kuma kai za ka zo da kanka, ga fura, ga cokali mai tsabta na ɗanɗana ruwa.

Na uku shi ne mai gaggawa. A dawo mani da katantanwa shida da ke cikin kwalbar nan, wato ƙoƙunan bayan waɗanda suka mutu. Ƙaguwa biyun da na ambata ba su da gidan kansu, 'yan haya ne, a katantanwar da mai ita ya bari suke shiga, in sun girma su nemi wadda ta fi. Babbar ta cika gidanta. In ba ta samu kango ba, kashe mai gida take yi ta shige. Tun jiya nake ganin tana bin na bakwai ɗin nan duk inda ya nufa, ina raba su da tsinke. Ba za ta jira Laraba ba. Ku riƙe kwalbar da takardarta in shaida kuke so, ni ƙoƙunan kawai za a wanke a aiko mani yau.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya. Malam ba ya iya sa hannu, amma na karanta masa wagga takarda daga farko har ƙarshe, kuma da na zo wurin da na ce ba zan zubar ba, sai da ya sa na maimaita.

Taka mai biyayya a duk abin da ba wannan ba,

Hajiya Kulsumu Tsoho
Bayan Layin Dogo, Kaura Namoda.