Yatsun da Suka Ƙi Tashi Daga Aiki

Amay, mahaifiyata,

Ina gaishe ki daga garin Mahachai. Yaya gwiwarki? Ƙanena Zaw Lin yana raka ki asibiti kuwa, ko har yanzu ƙwallo ce a gabansa?

Ni lafiya lau. Hannayena ne kawai suke tsagewa saboda ruwan ƙanƙara, kowa a masana'antar jatan lande haka yake. Kada ki sa a ranki.

Ran Lahadi ina zuwa gidan ibadar Buddha, inda babban malami yake koya wa jama'a zaman natsuwa. Ya ce mu bi numfashinmu kawai. Amay, na kasa. Da na rufe ido sai yatsuna su kama ɓare jatan landen da babu shi.

Makon jiya wata tsohuwa, Daw Pyone, ta raɗa mini, "'Yata, an tashi daga aiki." Ta ɗora tafinta a kan nawa har aka kaɗa ƙararrawa. Tun da kika sake ni a tasha ba wanda ya riƙe hannuna.

Ki aiko mini da itacen thanaka in niƙa in shafa, fuskata ta bushe. Lahadin nan da wuri zan je gidan ibadar, kada wata ta riga ni zama kusa da Daw Pyone.

'Yarki,
Hnin Wai