Hoton da Ya Manna a Kan Sunana

Litinin, 3 ga Maris

Shekara goma sha ɗaya ke nan ban yi wa Ba-Birki magana ba, kuma ban ga abin da zai sa in fara yanzu ba. Matarsa ta zo yau. Wai ciwo ya kwantar da shi, wai yana ta kiran sunana. Sai yanzu ya tuna ina da suna?

Shekara goma sha tara muna tseren mota tare, shi a sitiyari, ni a gefensa da littafin hanya a cinya. In ce “dama, mai tsanani, kada ka yanke,” ya karya kan mota tun bai ga kwanar ba. Ransa a bakina, nawa a ƙafarsa. Shi da cocinsa, ni da masallacina, ba mai tambayar wani. Sai zaɓe ya zo. Na isa filin tsere na tarar ya manna hoton ɗan takararsu a ƙofar motar ta gefena, daidai kan sunana, da rubutu a ƙasa: “Namu ne, mai tsoron Ubangiji.” Mota mai ƙofa biyu! Na ajiye hular kwanona a ƙasa na tafi.

Laraba, 5 ga Maris

Wani zaɓen kuma. Motar kamfe ta wuce sau bakwai, kuma muryar surukina ce a lasifika. Ya ɗauki salati ya ɗora a kan kiɗan rawa, ya cusa sunan ɗan takara a tsakiya. Da ya zo gaishe ni na ce, mutumin nan naku ya taɓa gyara famfo ɗaya? Ya ce, “Haba Baba, ai namu ne. Ba ka ga tabon sallah a goshinsa ba?” Na ce raƙumi ma yana da tabon durƙuso.

Ya yi dariya. Ba wasa nake ba.

Asabar, 8 ga Maris

Matar Ba-Birki ta dawo. Ta tsaya tana kallon ƙofar gidana, inda surukina ya manna hoton mutumin nasu tun watan jiya. Ta ce, “Malam, naku ma ya yi kyau a hoto.” Na ce ba ni na manna ba. Ta ce, “Amma ba ka cire ba.”

Mace mai baki kamar reza, tun tana amarya.

Ba haƙuri Ba-Birki yake so ya ba ni ba, ashe. Littafin hanya yake so in zo in karanta masa. Wai rufe ido yake, ya ɗaga hannuwa kamar yana riƙe da sitiyari, ya ce ba ya jin kowa a gefensa. Na ce littafin ya ɓace. Yana cikin akwati, ƙarƙashin takardun shaidar karatuna, waɗanda su ma ba su tsinana mini komai ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Uwar yara ta ce girman kai rawanin tsiya.

Juma'a, 14 ga Maris

Huɗuba minti arba'in da ɗaya. Na duba agogo, tsohon hali. Allah ya samu minti shida, sauran na jam'iyya ne. Wai duk wanda ya dangwala wa wancan ɗan takarar ya sayar da lahirarsa. Na tabbata jibi a cocinsu ma haka za a faɗa musu, a sauya suna kawai. Masu kujera kuwa teburi ɗaya suke cin abinci, mu aka bari da gaba.

Na fito da littafin. Asu ya ci gefen bango, amma rubutun yana nan. Zan je. Sai dai bayan zaɓe, kada a gan ni a unguwarsu a ce tsohon ya sauya sheƙa. Kwana takwas ne kawai. Wanda ya jira shekaru ai zai jira kwana takwas.

Talata, 18 ga Maris

Na kankare hoton daga ƙofata da wuƙa. Ba don kowa ba, fenti yake ɓatawa.

Alhamis, 20 ga Maris

Ban jira zaɓen ba. Kasuwa na nufa, hanya ce ta bi da ni ta layinsu, littafin kuma ya zamana yana aljihuna.

Kujerun roba a ƙofar gida. Mutane zaune. Matarsa ta fito, ta kalli aljihuna. Ta ce, “Shigo, Malam.” Na shiga, na zauna a cikinsu, suka yi addu'arsu, na ji bakina ya ce amin.

Ba-Birki ya rasu ranar Talata da hantsi. Jiya aka binne shi. Ban gan shi ba.